Sababbin Itatuwan Dangin Gwaiba da Ake Ganowa a Busassun Dazuzzuka: Tambayoyi da Amsoshi

Lokaci zuwa lokaci labari yakan iso mana cewa masana tsirrai sun gano wani ƙaramin itace mai fure a wani busasshen daji na ƙasashe masu zafi, kuma sau da yawa akan ce ɗan dangin Myrtaceae ne, wato dangin gwaiba. Ɗalibai a Yamai, da masu garka a bakin kogin Isa, da jami'an gandun daji a jihar Tawa suna da tambayoyi masu ma'ana a kan irin wannan labari, domin dajin da ake magana a kansa ya yi kama da namu. An tattara mafi yawansu a nan tare da amsoshinsu.

Wane dangi ne wannan, kuma mun san wasu daga cikin ƴaƴansa?

Mun san su sarai, har suna cikin kasuwanninmu. Gwaiba ɗaya ce, asalinta kuwa yankunan Amurka masu zafi. Kanumfari ma ɗan gidan ne, daga tsibiran Maluku na Indunusiya ya fito kafin a yi manyan gonakinsa a Zanzibar da Pemba da Madagaska. Haka nan itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti, daga Ostireliya aka kawo shi. Akwai kuma malmo, wanda shi ɗan Afirka ne, yana fitowa a bakin koramu da fadamu a inda ruwan sama ya fi na Yamai yawa.

Masanin Faransa Antoine-Laurent de Jussieu ne ya kafa sunan dangin a 1789. A yau an san jinsuna sama da 130 a cikinsa, wato ƙananan rukunonin da ke tattara itatuwa masu kusanci, da nau'o'i fiye da 5,500. Jinsin Eugenia kaɗai ya haura nau'i 1,000, haka ma Syzygium da kanumfari da malmo suke ciki, itacen turare kuwa ya wuce 700. Ƙasar Barazil ita kaɗai tana da sama da 1,000 daga cikin dangin, kuma ba a shekara ba tare da an bayyana wasu sababbi daga can ba.

Yaya masani yake gane cewa itacen da ke gabansa ɗan wannan dangi ne?

Duk mai gwaiba a gida yana iya gwada abin da masanin ke yi. A tsinki ganye ɗaya a ɗaga shi ta fuskar rana, a dube shi da gilashin ƙara girma, za a ga ɗige-ɗige ƙanana masu haske a jikinsa, waɗanda su ne ma'ajin mai. Idan aka murza ganyen da yatsu, man ya fashe, sai ƙamshi ya tashi. A ganyen turare abin ya fi fitowa fili. Ganyayen yawancin ƴan dangin na Amurka suna fitowa ne biyu-biyu suna fuskantar juna a jikin reshe, gefensu sumul babu tsaga, kuma sau da yawa akwai wata siririyar jijiya da ke bin gefen ganyen daga gindi zuwa tsini. Ɓawon itacen yakan yi saɓa ya bar jiki mai santsi, kamar yadda ake gani a gindin gwaiba.

Furen shi ne babbar shaida. Ganyayen furen kansa huɗu ne ko biyar, galibi farare, amma abin da ke cika ido shi ne tarin siraran zaruruwa masu ɗauke da garin fure, waɗanda kan kai gommai ko ɗaruruwa a fure guda. Mahaifar iri tana ƙarƙashin furen, shi ya sa idan gwaiba ta nuna ake ganin ɗan rawanin nan a bakinta, wanda ragowar furen ne. Kanumfarin da ake sa wa kunu da yaji ma fure ne da aka tsinke kafin ya buɗe. Wanda ya jiƙa ƙwaya ɗaya a ruwa ya ɓare ɗan kan da ke samanta zai tarar da zaruruwan a naɗe a ciki, ƙananan haƙora huɗu kuma suna kewaye da su.

Wane irin daji ne ake samun waɗannan sababbin itatuwa?

Wanda ya fi dacewa a ambata shi ne Caatinga, a arewa maso gabashin Barazil, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 850,000, wato wajen kashi biyu cikin uku na faɗin Nijar. Ya ratsa jihohin Bahia da Pernambuco da Ceará da Piauí da Paraíba da wasu maƙwabtansu. A mafi yawan sassansa ruwan shekara ba ya kai milimita 800, wasu wurare ma bai wuce 400 ba, kuma rani yana ɗaukar wata shida zuwa tara ko fiye. Itatuwan gajeru ne, da yawa masu ƙaya, suna zubar da ganye ƙaf idan ruwa ya ɗauke. Mutumin Tawa, inda ruwan shekara ke kaiwa wajen milimita 350 zuwa 400, ko na Yamai, inda yake tsakanin 500 da 600, ba zai ji baƙunta sosai a can ba, sai dai zai yi mamakin dogayen tsirran cactus, masu kaurin jiki da ƙaya da ke tara ruwa a cikinsu, da babu irinsu a dajinmu.

Duk da bushewarsa, an lissafa tsirrai masu fure sama da 3,000 a Caatinga, ɗaruruwa daga cikinsu ba su fitowa a ko'ina a duniya sai can.

In an ce «sabo», ana nufin babu wanda ya taɓa ganinsa?

A'a. Ana nufin ba a taɓa siffanta shi a rubuce bisa ƙa'idar kimiyya ba, kuma ba shi da sunan da masanan duniya suka amince da shi. Makiyayin da awakinsa ke bi ta gindin itacen kullum yana iya saninsa, ya san lokacin hudarsa, ya kuma san ko ana cin ƴaƴansa. Gwaiba kanta sai a 1753 Carl Linnaeus ya raɗa mata suna Psidium guajava, alhali mutanen Amurka sun shafe dubban shekaru suna cin ta.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su zato: ba a daji ake yin mafi yawan ganowar ba, a ɗakunan ajiyar busassun tsirrai ake yi. Wani bincike da aka buga a 2010 ya nuna cewa kashi 16 cikin ɗari ne kacal na sababbin nau'o'in da aka duba aka siffanta cikin shekara biyar da tsinko su, sauran sun yi zaman jira a kan takarda, wasu shekaru gommai, ko dai ba suna ko kuma da sunan wani. Ma'ajiyar gidan tarihin halittu na Faris tana da samfura kusan miliyan 8, ta lambun Kew da ke Landan kusan miliyan 7, masu iya rarrabe su kuwa ƙalilan ne. Duk da haka ana bayyana sababbin tsirrai kimanin 2,000 kowace shekara a duniya.

Waɗanne matakai ake bi kafin a tabbatar da sabon nau'i?

Aikin yana farawa da tsinko reshe mai ganye da fure, in an yi sa'a har da ƴaƴa. Ana shimfiɗa shi tsakanin takardun jarida, a danne da katako a ɗaure, a riƙa sauya takardun har ya bushe, sannan a manna shi a kan farar takarda mai kauri. A gefe guda akan liƙa bayanin wanda ya tsinko, da rana, da wurin daidai da ma'aunin GPS, da irin ƙasar, da tsawon itacen, da launin fure da ƙamshinsa, domin waɗannan biyun suna gushewa bayan bushewa.

Daga nan sai kwatance, kuma a nan ne wahalar take, musamman a dangin gwaiba, wanda masana suka daɗe suna kuka da shi saboda ƴaƴansa sun yi kama da juna ƙwarai: ƙaramin farin fure, ganye biyu-biyu, ɗan itace mai rawani. Dole a jiƙa busasshen furen a ruwan zafi ya yi laushi, a feɗe shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a ƙirga ɗakunan mahaifar iri da ƙwayoyin da ke kowane ɗaki, a duba ko kwanson furen a rufe yake kafin buɗewa ko a tsage, a duba irin gashin da ke bayan ganye, a kuma fasa iri a ga siffar ɗan tsiron da ke kwance a ciki, domin tun ƙarni na 19 da wannan siffa ake raba manyan rukunonin dangin. Bayan haka sai a gwada shi da samfuran asali na duk nau'o'in da suka yi kusa da shi, waɗanda wasunsu suna Turai tun zamanin matafiyan farko. Binciken ƙwayoyin gado na DNA yana taimakawa wajen nuna jinsin da ya dace a sa shi, amma bai ɗauke wa kowa wannan aikin ido ba.

Idan bambancin ya tabbata, sai a rubuta siffarsa, a zana shi, a aika wa mujallar kimiyya, wasu masana su tantance kafin a buga.

Wa ke raɗa sunan, kuma da wace ƙa'ida?

Wanda ya siffanta shi ne ke raɗawa, bisa kundin ƙa'idojin suna na duniya da ake sabuntawa a babban taron masana tsirrai. Sunan kalma biyu ne, ta jinsi da ta nau'i. Tun 1 ga Janairun 1958 wajibi ne a ayyana samfurin asali guda wanda sunan zai rataya a kansa har abada. Daga 1935 zuwa ƙarshen 2011 sai da Latin ake rubuta siffar, amma daga 1 ga Janairun 2012 an yarda da Latin ko Ingilishi, an kuma yarda da bugu ta intanet. A taron Madrid na Yulin 2024 an amince da sauya wasu tsofaffin sunaye da ke ɗauke da kalmar cin mutunci ga baƙaƙen Afirka.

Kada a dogara da suna wajen sanin asalin tsiro. Turaren da aka fi shukawa a Nijar, Eucalyptus camaldulensis, an raɗa masa suna ne a 1832 daga wani itace da aka shuka a lambun Camaldoli kusa da birnin Naples na Italiya, alhali mahaifarsa gaɓar kogunan Ostireliya ce.

Me ya sa irin waɗannan ƙananan itatuwa suke daɗewa ba a lura da su ba?

Dalili na farko lokaci ne. Da yawa daga ƴan dangin a Barazil suna yin fure ne da saukar ruwan farko, cikin ƴan kwanaki, kowane fure ya buɗe da asuba, ƙudan zuma su kwashi garinsa, kafin yamma ya fara zuba. Masanin da ya zo da rani zai tarar da ƙirare ne kawai, wanda ya makara da mako biyu kuma ya tarar da ganye ba fure, kuma da ganye kaɗai ba a yanke hukunci. Na biyu, kuɗin bincike da hankalin duniya sun daɗe suna karkata ga manyan kurmi irin na Amazon, ana yi wa busasshen daji kallon wurin da babu komai. A ganina wannan raini shi ne babban dalili, kuma Sahel ma ya sha irinsa. Na uku, wasu nau'o'in ba su wuce dutse guda ko tudun rairayi guda ba, wanda bai taka wurin ba ba zai gan su ba.

Yaya suke jure fari?

Wasu suna zubar da ganye su yi likimo har damina. Wasu ganyensu ƙanana ne masu tauri ko masu gashi, abin da ke rage fitar ruwa. A dajin Cerrado, maƙwabcin Caatinga, akwai ƴan dangin da rassansu ba su kai gwiwa ba amma suna da ƙaton kututture a binne, wanda daga gare shi suke sake tohowa bayan gobara ko fari. Manoman Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda suka farfaɗo da gonakinsu ta hanyar kula da tohon tsofaffin kututturan sabara da kalgo, sun san ƙarfin abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

In dajin ya yi kama da namu, me ya sa ba mu da ƴan wannan dangi a jejin Nijar?

Kamannin yanayi ba ya nufin tarihi ɗaya. Dangin gwaiba ya samo asali ne a tsohuwar nahiyar kudu, Gondwana, ya kuma bunƙasa a Ostireliya da Kudancin Amurka da kudu maso gabashin Asiya. Rabon Afirka kaɗan ne, kuma mafi yawan abin da ta samu yana wurare masu laima. Sai dai akwai wani abin sha'awa a arewacinmu: ƙaramin itacen Myrtus nivellei, wanda aka siffanta a 1911, yana rayuwa a kwazazzaban duwatsun Hoggar da Tassili n'Ajjer na Aljeriya da kuma Tibesti na Cadi, saura ne daga zamanin da Sahara take da ruwa, kuma Buzaye suna amfani da ganyensa.

Gurbin da ƴan dangin gwaiba suka cike a wasu dazuzzukan, a wurinmu dangin Combretaceae ne suka cike shi: sabara, geza, taramniya, tsiriri, marke da baushe. Su ne ke yin jerin dajin nan mai ratsi-ratsi a kan tuddan da ke kewaye da Yamai, inda ake saro yawancin itacen girkin birnin. A lissafin masana, su da dangin gwaiba suna cikin babban rukuni guda mai suna Myrtales, tare da lalle da rumman. Ke nan sabara ƴar'uwar gwaiba ce, ko da yake zumuncin na nesa ne.

Ana cin ƴaƴan sabon itacen? Yana magani?

Takardar da ke bayyana sabon nau'i ba ta amsa wannan tambaya, siffa da mazauni kawai take bayarwa. Gaskiya ne cewa dangin yana da ƴaƴan itace masu daɗi da yawa, irin su pitanga da jabuticaba da cagaita na Barazil, kuma man kanumfari yana kashe zafin haƙori, ana kuma dafa ganyen gwaiba saboda gudawa a ƙasashe da dama. Amma zama ɗan dangi ba lasisi ba ne. Cagaita tana sa zawo idan ta nuna ta sha rana aka ci da yawa. Man turare guba ne idan aka haɗiye shi, ƙaramin cokali ma yana iya jefa yaro cikin hatsari. A Queensland ta Ostireliya akwai Rhodomyrtus macrocarpa, wanda aka danganta cin ƴaƴansa da makanta. Duk wanda ya zo da garin magani a kasuwar Katako ko ta Wadata yana cewa daga «sabon itacen da aka gano» yake, to ciniki yake yi, domin tsakanin siffanta tsiro da tabbatar da amfaninsa akwai gwaji na shekaru.

Za a iya kawo irinsa a shuka a Yamai ko Tawa?

Ba abu ne mai sauƙi ba, kuma bai kamata a yi gaggawa ba. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, kuma Nijar da Barazil duk suna cikinta, ta tanadi cewa sai da izinin ƙasar da tsiro yake, da kuma yarjejeniya kan rabon amfani, kafin a ɗauki albarkatun gadonsa. Irin Eugenia da yawa kuma yana mutuwa da zarar ya bushe, ba ya ajiyuwa kamar gero.

Sannan baƙon itace yana zuwa da halinsa. Turare ya shiga cikin shingen itatuwan da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965 tare da dogon yaro, ya ba da itacen rufi miƙaƙƙe cikin ƴan shekaru, amma masu garka sun san yadda yake shan ruwa da yadda shuka ke ƙin yin kyau a gindinsa. Itacen Prosopis juliflora da aka kawo don tsayar da rairayi ya mamaye filaye a yankin tafkin Cadi, kuma shi ɗin ne dai aka shigar Caatinga a shekarun 1940 ya cinye gaɓar koramunsu. A cikin dangin gwaiba ma, Psidium cattleyanum ta Barazil ta zama annoba a dazuzzukan tsibiran Hawaii da Moris da Réunion.

Akwai kuma cuta. Tsatsar Austropuccinia psidii, wadda aka fara siffantawa a jikin gwaiba a Barazil a 1884, tana feso rawayan gari a kan sababbin ganye ta kashe toho. Ta isa Hawaii a 2005, Ostireliya a 2010, Afirka ta Kudu a 2013, New Zealand a 2017, kuma tana kama ɗaruruwan nau'o'in dangin. Dashe guda da aka shigo da shi a jaka ba tare da binciken jami'an kare tsirrai ba ya isa ya kawo ta.

Shin waɗannan sababbin itatuwa suna cikin haɗarin ƙarewa?

Da yawansu suna ciki tun ranar da aka raɗa musu suna. Rahoton Kew na 2023 ya ƙiyasta cewa uku cikin huɗu na tsirran da ba a riga an siffanta ba suna fuskantar barazana. Dalilin a bayyane yake: wanda ya yaɗu ko'ina an daɗe da ganinsa, wanda ya rage shi ne mai ƙaramin mazauni. A ma'aunin IUCN, ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, nau'in da manyan itatuwansa ba su kai 50 ba yana shiga matakin haɗari mafi tsanani, haka kuma wanda filin da yake zaune bai kai murabba'in kilomita 10 ba idan mazaunin yana lalacewa. Caatinga ta riga ta rasa kusan rabin dajinta na asali saboda saran itacen wuta da gawayi, da noma, da kiwon awaki, abubuwan da ba sai an yi wa mutumin Ader bayaninsu ba. Amfanin sunan shi ne, sai da shi ake iya shigar da itacen cikin jerin waɗanda doka ke karewa.

Ana iya gano sabon tsiro a Nijar? Me mutum zai yi idan ya ga wanda bai sani ba?

Ana iya samu, ko da yake an fi sa ran ganin wanda aka sani a wata ƙasa amma ba a taɓa rubuta shi a Nijar ba, kuma wannan ma ci gaba ne. Tsirrai masu fure da aka lissafa a ƙasar wajen 1,500 ne. Peyre de Fabrègues da Lebrun sun fitar da jerin tsirran Nijar a 1976, Farfesa Mahamane Saadou na Jami'ar Abdou Moumouni da ɗalibansa kuma suka faɗaɗa aikin. Duwatsun Ayar, da kwazazzaban Ader Dutsi, da tafkunan damina masu ƙafewa da wuri, da gaɓar kogunan gandun W, su ne wuraren da suka fi cancantar a koma musu a lokuta daban-daban na shekara.

Wanda ya ga baƙon tsiro kada ya tumɓuke shi. Ya ɗauki hoton itacen gaba ɗaya, da ganyen ciki da baya, da furen daga sama da gefe, da ƴaƴan, ya ajiye wani abu sananne kamar kwandala a kusa domin a gane girma. Ya rubuta rana da wurin, ya tambayi dattawa da makiyaya da masu maganin gargajiya sunansa da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek, da abin da ake yi da shi. Idan itatuwan suna da yawa, kuma ba a cikin gandun da aka hana taɓawa ba ne, yana iya yanke reshe biyu masu tsawon kamu ɗaya, ya danne su a jarida a inuwa, kada ya sa a leda domin za su ruɓe. Daga nan sai ya kai wa sashen nazarin halittu na Jami'ar Abdou Moumouni, ko cibiyar binciken noma ta INRAN, ko ofishin gandun daji mafi kusa da shi. Idan lokacin da ya gan shi babu fure, ya sa wa wurin alama ya koma bayan ruwan farko, domin da furen ne za a iya faɗa masa ko wane ne.